Saƙon Iyatu Mai Ƙuli-ƙuli

Duk wanda ya zauna a Kontagora a shekarun tamanin, in dai ta wajen tsohuwar kasuwa ne, ya san ƙamshin gidan Iyatu kafin ya san fuskarta. Man gyaɗa take matsa, ta soya ƙuli-ƙuli, mutanen Zugurma da Kumbashi su zo su sara. Mace ce mai barkwanci, ba wanda ya tsira daga tsokanarta sai mutum ɗaya: ɗanta na fari, Muhyiddin.

Shi kam ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Haka ta taras ana kunyar ɗan fari a gidansu, haka ta riƙe. In zancensa ya taso sai ta ce wa ƙanwarsa Zulaihatu, "yayanki". In ya durƙusa gaishe ta, ta amsa tana kallon turmi.

Karatu ya kai Muhyiddin har Ingila, inda ya zama mai bincike a kan ƙwayoyin halittar jiki. A daminar 1991 ya zo hutu. Lahadi, maƙwabciyar da ke taya Iyatu suya, ta tare shi a tsakar gida.

"Kai ɗan nan, wai da gaske ne kwaɗi kake kiwo a can? Ga su nan fal a bayan gidanmu, da ka zauna mun kama maka!"

Ya yi dariya, ya ja kujera 'yar tsugunno. Ya ce ƙwan kwaɗon yake dubawa, don ya ga yadda halitta ke farawa. Ƙwayoyin jiki, in ji shi, suna aika wa juna saƙo: wannan ta ce "ƙaru", waccan ta ce "tsaya haka". Shi ya gano ɗaya daga cikin masu kai saƙon, har masu neman maganin ciwon daji sun fara aiki da abin da ya gano.

"Me ya haɗa kwaɗo da daji kuma?"

"Daji ai ƙwaya ce ta daina jin 'tsaya', Baba Lahadi. Sai ta yi ta ƙaruwa. Yakan fara da ɗan ƙullutu, ko zafi babu. In an kama shi da wuri ana cin ƙarfinsa."

Iyatu tana bakin murhu, ta ba su baya. Hannunta ya tsaya a kan matsami. Tun kafin azumi take jin wani abu kamar ƙwallon goruba a nononta na hagu, kuma ba ya zafi.

Kwanaki ta yi tana juya maganar. Ga mai sanin abin a cikin gida, yana cin tuwonta. Amma ta ina uwa za ta dubi ɗan farinta ta ambaci nono? Ana jibi zai koma, ta kira Zulaihatu ɗaka.

"Ki ce wa yayanki nan wajen yana damuna." Ta shafa daga kafaɗa zuwa ƙirji, da sauri, idonta a ƙasa.

Zulaihatu ta gane rabi. Rabin ma da ta je gaban yayanta sai nauyi ya kama ta.

"Yaya, Inna ta ce kafaɗarta na ciwo."

"Dole! Shekara nawa tana matsar tunkuza? Ki ce ta rage aikin nan, don Allah."

Ya sayo man zafi babban gwangwani, ya ajiye a ƙofar ɗakinta. Iyatu ta ɗauka, ta ce Allah ya yi albarka. Ba ta sake aikawa ba. A ganinta ta faɗa, kuma an ba ta amsa.

Ta ci gaba da suya har hannun hagun ya kumbura, ta kasa ɗaga taɓarya. Lahadi ce ta ga abin wata rana tana taya ta sa riga, ta ɗora hannu a ka. Da aka kai ta asibiti a Zariya, likita ya ce ya riga ya bazu.

Muhyiddin ya iso daga Ingila ya same ta a gida, an dawo da ita. Ya karanta bayanin likita a tsaye. Ya san kowace kalma, wasu ma shi yake koyar da su. A gefen gadon ga gwangwanin man zafinsa, an suɗe shi tas.

Ya durƙusa. Karo na farko a rayuwarsa ya kama hannunta.

"Inna, ina cikin gidan nan fa. Ina zaune a nan. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ba ta janye hannun ba. Ta ma ɗan matsa yatsunsa. Amma fuskarta bango ta juya, ta nemi Zulaihatu da murya ƙasa-ƙasa.

"Ki ce wa yayanki ya tashi ya ci abinci. Ya sha hanya."

Kafin sabuwar gyaɗa ta shigo kasuwa aka yi jana'izarta.