Kallamu da Akwatin Dodon Koɗi

Kallamu mutumin wani ƙauye ne a bakin kogin Haɗeja. Yana saurayi ya biyo fataken shanu zuwa Inugu. Shanun suka ƙare a hannun mahauta, fataken suka juya gida, shi ya tsaya. Abin da ya tsayar da shi, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya yi dako a kasuwa, ya yi gadi, daga baya ya sayi garwa biyu da sanda ya zama ɗan ga-ruwa a unguwar Obiagu. Shekaru suka ja har kafaɗarsa ta dama ta yi kanta. Yaren Ibo bai wuce masa gaisuwa ba, amma babu randa ko duro a layinsu da bai sani ba.

Haya yake yi a gidan Madam Irene, wata 'yar Ibo haifaffiyar Sabon Garin Kano, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Ɗakin da ke jikin nasa na Albert ne, ɗan Zonkwa, wanda ke aiki a wani ɗakin bincike inda wani Bature ke kiwon dodon koɗi na ruwa don nazarin tsargiya.

Da damina ta yi nisa a 1966, ƙasa ta rikice. Baturen ya tattara ya tafi, aka rufe wurin. Albert ya dawo gida da wata babbar kwalba rungume a ƙirji, wasu 'yan ƙananan dodannin koɗi manne a jikinta, kowanne bai fi ƙwayar wake ba.

"Malam Kallamu, sai ka taimake ni," in ji shi. "An ce in riƙe su da rai har Bature ya dawo."

Kallamu ya leƙa kwalbar. "Waɗannan? Ci ake yi?"

"Ba a ci."

"Sayarwa fa?"

"A'a. Irinsu ne ke kawo fitsarin jini. Amma waɗannan a ɗakin bincike aka haife su, ba su da cutar."

Kallamu ya sake leƙa kwalbar. A ƙauyensu duk yaron da ya fara fitsarin jini cewa ake ya kama hanyar zama namiji, shi ma ya yi nasa. Yau ga mai ilimin boko yana cewa wannan ɗan abin ne ke kawo shi, kuma wai wannan ɗin ba ya kawowa, kuma wai a yi masa ɗaki. Bai gane ba. Sai dai maƙwabci ya roƙa, ya ce to.

Albert ya samo gilasai a wajen wani mai gyaran taga, ya haɗa su cikin firam na ƙarfe, ya liƙe gefunan da kwalta. Akwatin bai fi girman garwa a kwance ba. Suka girke shi a lungun bayan ɗakunansu inda rana ba ta daɗewa. Kallamu ya kawo ruwan famfo mai sanyi, Albert ya tare shi da hannu biyu.

"Kada ka zuba! Akwai magani a ciki, kashe su zai yi."

"Ruwan da duk Obiagu ke sha?"

"Mutum daban, su daban. Ruwan rafi suke so, da yashi, da tsakuwa, da ciyawar da ke tsirowa cikin ruwa, har da saiwarta."

Ɗebo waɗannan ya faɗa kan Kallamu, domin ɗan ga-ruwa a hanyar rafi ba abin kallo ba ne. Da ma a fili ya yi aikin, da wataƙila ba abin da zai biyo baya. Amma a mahaɗar hanyar akwai teburin Falalu mai tsire, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, kuma nan 'yan Arewa ke taruwa. A ce an ga Kallamu, dattijo mai sallah a sahun gaba, tsugune cikin taɓo yana yi wa dodon koɗi cefane? Kafin azahar za a ce ya fara cin abin da masu gari ke ci. Saboda haka sai ya riƙa fita da an idar da sallar asuba, ya zaga ta bayan gidaje, ya gangara rafin Asata. In zai dawo, ya tuɓe rigarsa ya rufe bakin garwar.

Suka wanke yashin har ruwansa ya daina duhu, suka shimfiɗa, suka jera tsakuwa. Albert ya dasa ciyawar da yatsa, tana tasowa yana danne ta da dutse. Ya sa faranti a ƙasa ya zuba ruwan a kansa don kada yashin ya tashi, ya jefa guntun alli, wai don ɓawonsu ya yi ƙwari, ya rufe saman da yankin gidan sauro. Suka bar ruwan wasu kwanaki ya kwanta kafin a juye dodannin. Abincinsu ganyen latas ne da aka ɗan tsoma a ruwan zafi. Kallamu ya ce ko shi ba a taɓa yi masa wannan hidima ba.

Abin da bai zata ba shi ne zai riƙa zuwa lungun shi kaɗai. Ya zauna kan garwa yana kallon yadda ɗaya ke hawa gilashi a hankali, ya kai sama, ya saki jiki ya faɗo. A waje rediyo na faɗin abu da safe, da yamma ya faɗi wani. A nan ba mai sauri.

Sai jiragen ƙasa suka fara isowa daga Arewa cike da mutanen Gabas masu gudun kashe-kashe, wasu da raunuka, wasu ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Madam Irene ta yi ta zarya tasha tana neman ƙanenta da ke Kano. Daga baya ta daina zuwa, ta zauna kan kujera a tsakar gida, ba ta amsa gaisuwa. Gidaje suka fara ce wa Kallamu suna da sauran ruwa, alhali yana hango durorinsu a bushe. Ya ɗauka rashin kuɗi ne. Bai san wata mata ta gan shi yana fitowa daga rafi da garwa a lulluɓe ba, bai san magana ta zaga cewa Bahaushe na zuba wani abu a ruwan mutane ba.

Wata la'asar, Albert ya tafi jin labarin jirgi, samari suka cika gidan, wasu da sanduna. Suka kifar da garewaninsa, suka birkice tabarmarsa. Ɗaya ya leƙa lungu ya ƙwala ihu. Aka ja Kallamu har gaban akwatin. Babbansu, wani dogo mai singileti, ya nuna gilashin da sanda yana tambaya. Ɗan Turancin brokan ɗin da Kallamu ya iya ya gudu daga kansa.

"Madam!" ya kira. "Madam, don Allah ki gaya musu!"

Ta taso a hankali ta tsaya a bakin lungun. "In gaya musu me? Mene ne wannan, Malam?"

Gaskiya ya sani, ita ya faɗa. "Dodon koɗi ne. Irin mai kawo fitsarin jini. Muna kiwonsu ne."

Ta zuba masa ido. Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya furta, ya fara cewa amma waɗannan ba su da shi, Albert ya ce, Bature ya ce. Ta ɗaga masa hannu.

Ta juya ga samarin ta yi magana da Ibo, doguwar magana. Ta nuna akwatin, ta nuna cikin Kallamu, ta kwaikwayi mai ɓoye abu a ƙarƙashin riga yana waige-waige. Wani ya tuntsire da dariya. Mai singileti bai yi ba. Ya sake tambaya, ta ba shi amsa a gajarce tana tafa hannu. Ya duƙa ya ƙura wa 'yan dodannin ido, ya gwada girmansu da farcensa, sai shi ma dariyar ta kufce masa. Ya daki kafaɗar Kallamu har ya yi tangaɗi. Suka fita suna surutu, wani ya tafi da garwa ɗaya.

Kallamu ya juya wajenta. "Madam, me kika ce musu?"

"Na ce kwaɗayi ne ya kama ka. Kana son miyar dodon koɗi, kana tsoron 'yan'uwanka su gani, kuma don rashin sani ka je ka kwaso waɗanda ba sa girma."

"Ni? Wallahi ban taɓa..."

"Je ka gaya musu ba ka taɓa ba. Ga su can ba su yi nisa ba."

Ya ce ya gode. Ta ce kada ya gode mata, ita ma ba ta san dalilin da ya sa ta yi ba, ta koma kan kujerarta.

Ba a daɗe ba aka ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya bar yankin. Albert ya mayar da dodannin cikin kwalba, amma a tasha aka ce ya zaɓa, ko kwalba ko wurin tsayawa. Ya ajiye ta a gindin wani ginshiƙi.

Labarin miyar kuwa ya riga su shiga jirgi. Da suka wuce Makurɗi, mutane suka fara numfashi, Falalu ya kwance ƙullin garin rogo ya jiƙa a kwano, aka kewaye shi. Kallamu ya miƙa hannu, Falalu ya janye kwanon.

"Tsaya, Malam. Ka wanke hannun nan kuwa tun bayan miyar?"

Aka fashe da dariya, ta farko tun da suka baro Inugu. Wani dattijo har da hawaye. Kallamu ya waiga yana neman Albert ya ba da shaida, Albert na can wani tarago. Ya so ya yi bayani, ya rasa ta inda zai fara: ta Bature, ta rafi, ko ta Madam. Aka ɗibar masa nasa garin a murfin kwano, ya karɓa, ya juya wajen taga ya ci.

A Kaduna ya sauka, bai ƙarasa Haɗeja ba. Ya sake sayen garwa, yana nan yana ga-ruwa a Tudun Wada. In an tambaye shi labarin Inugu, cewa yake wata mata ta yi masa ƙarya a gaban jama'a, sannan ya ƙara da cewa Allah ya sa ƙanenta ya dawo.