Algaita a ɗakin cire haƙori

Sati uku gwaggona ta yi ba ta tauna komai ba. Kuncinta ya kumbura kamar ta ɓoye goro, kullum sai kunu, shi ma da ƙyar. Ta sa kanumfari, ta kurkure da ruwan gishiri, duk a banza. Ni kuwa na gaji da kallon mace tana ramewa a gidana saboda haƙori ɗaya. Tun da ta ƙetaro kogin Komadugu ta zauna wurinmu a Diffa, magana ba ta dame ta ba, sai taurin kai. Na ce ko ta bi ni asibiti ko in ɗauke ta a ka.

Likitan haƙorin yana da dabararsa. Kafin ya taɓa bakin mutum sai ya kunna kiɗa a wayarsa ya ajiye kusa da kunne, wai hankali ya tafi can. Da haka ya cire min nawa bara, har ina kaɗa ƙafa. Da ya ji gwaggo Babarbariya ce, ya zaɓo mata algaita da ganga irin na biki.

Ganga ba ta yi bugu uku ba gwaggo ta zabura, ta ture tiren kayan aiki, ta cafke wayar ta danne ƙarƙashin cinyarta.

"Kashe! Kashe, za su ji!"

Likita ya sandare da allura a hannu. Ni kunya ce ma ta fara kama ni. Na ce, "Haba Gwaggo, su wa? Nan Diffa ne fa."

Ta dube ni. Ta ce lokacin da ƴan bindiga suka riƙe garinsu, waya-waya suke bi suna dubawa. A wayar autanta suka sami kiɗan bikin yayarsa. A ƙofar gida suka harbe shi, tana tsaye.

Mu duk shekarun nan ruwa muka san ya ci shi wajen ƙetarewa. Da bakinta ta gaya mana haka. Innalillahi kawai na iya cewa, na zauna a ƙasa.

Likita ya karɓi wayarsa da hannu biyu ya kashe ta gaba ɗaya. "Mama, ki gafarce ni. Mu bari sai wata rana."

Gwaggo ta gyara mayafinta, ta kwanta a kujerar da kanta.

"A'a ɗana, cire shi. Yunwa nake ji."