Na Tafi Zanzibar da Damina

Ban taɓa sanin hutu ma wahala ne ba sai da na ce zan yi nawa yadda nake so. Aikin gadi bai gajiyar da ni kamar yadda bakin mutane ya gajiyar da ni a kan tafiyar nan ba.

Ni mai gadi ne a Lusail, kusa da Doha a ƙasar Qatar, a ƙofar wani wurin ajiye motoci. A ɗaga sanda mota ta shiga, a sauke sanda, shi ke nan aikin. Wanda bai taɓa tsayuwa a kan kwaltar Doha a watan Agusta ba, kada ya yi mini maganar rana. Takalmi ya yi zafi kamar ka taka garwashi, gumi ya bushe ya bar gishiri a bayan riga. Ruwan sama kuwa, in ya ga dama ya ɗiga, kafin ka ɗaga kai ya ɗauke.

Hutuna kullum da rani yake faɗowa, in tafi gida, Zongon Kumasi. Can ma sunan hutu ne kawai. Tun da safe ake sallama. Wannan ya zo gaisuwa, wancan ya zo karɓar tsaraba, a ja ka suna, a ja ka ta'aziyya. Ni da uwar yarana ba ma samun zama mu biyu mu sha koko.

A masaukin kamfani, wanda ke kwana a gadon da ke ƙarƙashin nawa ɗan Zanzibar ne, shi ma mai gadi. Da guntun Larabci da guntun Turanci muke hira. Ba shi da zance sai na tsibirinsu. Wata Juma'a muna cin shinkafa ya ɗauko waya yana nuna mini teku, shuɗi fes, yana koya mini yadda ake zaɓar wuri. In iskar kudu ce ke kaɗawa, tsakiyar shekara, sai ka nufi arewacin tsibirin, can teku a kwance yake. In iskar arewa ta juyo, wajen ƙarshen shekara, sai ka gangara kudu.

Ya ce, "Afrilu da Mayu ne kawai ba a zuwa. Masika ke nan, babbar daminarmu. Wasu otal ma rufewa suke yi."

Na ce, "Ruwa kamar yaya?"

"Kamar an fasa sama. Sai ka wuni ba ka ga rana ba."

Na ajiye cokali. "Khalas, shi ke nan. Lokacin zan je."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Sadik, rana ta taɓa maka kai. Turawa na gudu, kai kana shiga?"

"Turawa rana suke nema. Ni ina da ita, ta yi mini yawa. In suna so su zo su karɓi ƙofata."

Kafin sati duk ɗakin sun ji. In na shigo sai wani ya buɗe famfon banɗaki ya ce, "Baba, ga Zanzibar, yalla shiga." Ban kula su ba. Na je wurin shugabanmu na nemi a mayar da hutuna Afrilu, ya yarda ba gardama. Abokina da ya ga da gaske nake, sai ya ce to aƙalla in zauna a tsohon gari, inda akwai kasuwa da wurin fakewa. Na ce ban gaji da ganin gine-gine ba ne? Ƙauye nake so, bakin teku, ɗaki mai rufin kwano. Ba na son na ciyawa, ba a jin ƙarar ruwa a kansa. Ya girgiza kai ya kira gwaggonsa, wadda ke da ɗakin baƙi a wani ƙauyen masunta.

Uwar yara ce ta rage. Ban ɓoye mata komai ba, na gaya mata damina ce.

Ta ce a waya, "Maigida, lafiyarka kuwa? Ruwan sama? Ga shi nan a unguwarmu Aboabo kyauta, har cikin ɗaki yake biyo mu."

Na ce, "Wannan na zama ne a kalla, ba na tara bokiti ba."

Ta yarda dai. Ba ta taɓa hawa jirgi ba, kuma ina jin ta fi gaskata hotunan da na tura mata a kan maganar bakina.

A filin jirgin tsibirin muka haɗu. Muna fitowa ruwa ya kece. Ni fa sai na tsaya cak a waje, jakata a hannu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shiga hancina. Direban tasi yana ta ihu, ita kuma tana jan rigata.

Ɗakin gwaggon nan bai da komai sai gado da gidan sauro da baranda mai kallon teku. Ya ishe ni. Ruwa ya dinga zuba a kan kwanon nan, in zauna a kujerar baranda da singileti in miƙe ƙafa, feshi yana dukan ƙaurina. Tekun ba shuɗi ba ne, toka-toka ne, shi da sama sun haɗe. Gwaggo ta kawo shayi mai kanumfari da kifi a ruwan kwakwa. Ladan ya kira salla, in taka cikin taɓo in je in dawo. Ba mai sallama, ba mota, ba sanda. Barcin rana na yi irin wanda na manta da shi.

Uwar yara kuwa tana ciki. Da farko ta yi ta leƙe tana cewa yanzu zai ɗauke. Daga baya ta daina leƙen. Wata la'asar na dawo daga masallaci na tarar ta buɗe akwati, ta shimfiɗa ɗinkuna a gado, sababbi dal, ko ɗaya ba ta sa ba.

Ta ce, "Ka ga waɗannan? Telan unguwa ya kwana a kansu. Duk matan layinmu sun san na tafi ganin shuɗin teku, kowa jiran hoto take. Me zan nuna musu? Kai da singileti?"

"Ai na gaya miki damina ce."

"Ka gaya mini. Amma wa ka tambaya? Kanka ka zaɓa wa hutu, ni rakiya na yi. Kai rana ta ishe ka, ni ruwa ya ishe ni. Gobe mu koma gari, ko kasuwa in gani."

Na ce, "Ba inda za ni."

Ta dube ni. Na ce, "Shekara da shekaru wani ne ke gaya mini inda zan tsaya. Kamfani ya ce nan, in tsaya. In je gida dangi su ce can, in tafi. Wannan kujerar ni na zaɓe ta. Hutu mai zuwa naki ne, ki zaɓi wata, ki zaɓi gari, ko cikin tanda ne zan bi ki. Wannan nawa ne."

Ta ce, "Allah ya ba ka mura."

"Amin. Ko ita ban samu a Doha ba, sai ta na'urar sanyi."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya mini baya tana ninke kaya. Ran nan gwaggo ce kaɗai ta yi mini magana.

Washegari na fito daga sallar asuba na ga sama ta tsage ta gabas. Ko ni baƙo na san ba zai daɗe ba. Na shiga na tashe ta, na ce ta sa ɗinkin nan mai ruwan goro, maza. Ta ɗaura kallabi tana mita. Muka gangara bakin teku, rana ta fito, ruwan ya koma shuɗi kamar na cikin waya. Na yi ta ɗaukarta hoto, ta tsaya nan, ta juya can, har ta fara ba ni umarni, wai in durƙusa don kwale-kwale ya fito a bayanta. Ta sheƙa ta canza na biyu. Muna cikin na uku hadari ya taso daga teku, baƙi ƙirin. Ta fizge wayar ta tattare zani ta ruga baranda, tana ƙwala mini kira in zo.

Ban je ba. Na cire hula na zauna a kan yashi na jira shi.