Ƙasar Bayan Ɗakin Inna

A sakandare a Gummi na fara jin kalmar kwamfalsari. Malamin ajinmu ya ce lissafi da Turanci kwamfalsari ne, sauran darussa kuwa mutum ya zaɓa. Ba wanda zai kama ka da igiya ya kai ka ajin lissafi, sai dai in ka ƙi, takardar gama makaranta ba za ta yi maka amfani ba. Na haddace, na ci jarrabawa, na manta. Ban taɓa zaton zan tsaya fassara ta ga mahaifiyata a tsakar gidanmu na Bagega, raina a ɓace ba.

Shekarun da aka shiga haƙar zinari ne. Gidan malamai ne namu, amma ƙura ba ta san wannan ba. An daka dutse a turmin gidanmu kamar yadda aka daka a na kowa, an shanya garinsa inda ake shanya gero. Daga baya aka gane akwai gubar dalma a cikinsa, bayan an binne yara da yawa. Ɗiyata tana cikin waɗanda aka ɗebi jininsu aka ce ta kamu. Yarinyar da ta fara gudu sai ta koma rarrafe, ta daina kiran kowa. Masu magani suka ce ba za su fara ba ta ƙwaya ba sai an kwashe ƙasar gidan an zuba sabuwa, don in ta warke ta dawo kan tsohuwar, aikin banza aka yi.

Duk unguwarmu aka yarda, ban da Inna. Ranar da shugaban ma'aikatan kwashe ƙasar ya zo, wani dogon mutum mai yawan sallama, ta tare ƙofar zaure da tabarmarta. Ya yi bayani har ya gaji, ƙarshe ya ce, "Inna, aikin nan fa kwamfalsari ne."

Ta juyo wurina. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. "Kai, mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce dole ne."

"Dole? To su taho da sojan. Ina nan zamne."

Nan na gane na yi gaggawa. A kunnen Inna dole tana da bulala a hannu, irin wadda yaran gari ke kira bai fos. Ita kuwa mace ce da in ka ce ta sha ruwa dole, sai ta kwana da ƙishirwa. Na zauna na fara warware mata: ba soja, ba ɗan sanda, ba mai taɓa ta. In ta ce a'a za su wuce gida na gaba. Amma ba kwashe ƙasa, ba magani. Wannan ita ce dolen da ake nufi, wadda ba ta jan ka, tana dai rufe ƙofa ta bar ka a waje.

Ta kau da kai. Na ɗauka taurin kai ne, na ɗaga murya, na ce jikarta ce fa ke kwance. Sai ta miƙe ta ce in biyo ta. Ta kai ni bayan ɗakinta, ta shiga nuna ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

"Taka tana nan. Ta ƙanenka nan. Ta yarinyag ga da kaka yi min ihu saboda ita, ga ta nan, da hannuna nib binne ta. Su za ka bari a tone a zuba cikin mota a kai juji?"

Mabiyiya take nufi, wadda ke biyo jariri bayan haihuwa. A wurinmu wanke ta ake yi a binne a cikin gida, kuma tsofaffi sun yarda in aka tone ta mai ita ba zai ga daidai ba. Ashe duk wannan gardama don yarinyar take yi. Tsoro ne iri ɗaya da nawa, kowa ya riƙe nasa gefen. Fushina ya sauka, sai tausayi.

Kuma ban ga laifinta ba. A Bagega in aka ce za a haƙa, rami ake nufi wanda namiji ke shiga ya ɓace. Inna ba ta san wata haƙa ba sai wannan. Ni kaina ban taɓa tambayar zurfin da za su yi ba. Na koma zaure na tambayi mutumin. Ya nuna min da yatsunsa, ko tafin hannu bai kai ba. Saman kawai za a kankare.

Da na gaya wa Inna sai ta dube ni sheƙeƙe. "Shara ta ke nan? Ni da nika binne su sai hannuna ya nutse har gwiwa? Kai da bokonka ba ka iya hwaɗin haka tun ɗazu?"

Duk da haka ba ta sake ba. Ranar aikin ta ɗauko kujerarta ta zauna a bayan ɗaki, tana bin kowane shebur da ido. In ma'aikaci ya ɗan danna sai ta yi gyaran murya, ya sassauta. Suka gama, suka zuba jar ƙasa mai tsabta, ba abin da ya fito. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Aka fara ba yarinyar magani. Ya ɗauki lokaci, kuma maganarta ta yi jinkirin dawowa, amma ta dawo. Wata safiya tana tsaye a tsakar gida da ɗumame a hannu, sai loma ta suɓuce mata. Ta duƙa ta ɗauka za ta kai baki. Na zabura zan buge hannunta.

Inna ta ce, "Bar ta ta ci. Ƙasa ta kawai."

Na tsaya ina kallo har ta haɗiye.