Inda Madam Take Ajiye Fayilolinta

Kwamfutar shagon Madam ta tsufa har ta fara wulaƙanta mu a gaban mutane. Ka kunna ta, ka je ka sayo ruwa, ka dawo ka tarar tana nan tana tunani. Shagon buga takardu ne a bayan tashar Mile 3, a Fatakwal: katin biki, takardar neman aiki, ɗan littafin jana'iza na 'yan coci. Madam 'yar kudancin Kaduna ce, Hausa a bakinta kamar a Zariya aka yanke mata cibi. Shi ya sa Baba ya bar ni na yi aiki a wurinta da na gama sakandare. Ya ce, "Wannan 'yar gida ce. Ban da shagonta babu inda za ki." Baba ba ya maimaita magana. In kujerar nan ta suɓuce min, zaman gida ne kawai, ɗaki ɗaya da ƙanne huɗu.

Ran da Madam ta ce gara ta sayar da kwamfutar ta tsaya a fotokwafi, na san kujerata ce za ta tafi. Fotokwafi ba ya buƙatar mutum biyu. Na yi ta tono a waya har na gano manhajar Linux, wani irinta marar nauyi da aka yi don tsofaffin kwamfutoci, kuma kyauta.

"Kyauta? A garin nan?" in ji Madam.

"Kyauta, Mama."

"To ki yi. Amma ko tsinke kar ya ɓata min."

Ranar Laraba ta tafi kasuwar Oil Mill. Na kwashe komai a filash, na duba, na sake dubawa, sannan na goge tsohuwar manhajar na ɗora sabuwa. Kwamfuta ta tashi kafin in gyara ɗankwali. Sai na hau gyara. Na maido da layin maɓallan ƙasa inda ta saba, na ƙara girman rubutu saboda idonta, na yi dambe da firinta har ta yarda ta buga. Hoton da ke shimfiɗe a fuskar allon, na marigayi mijin Madam ya jingina da mota, ya koɗe ya dame, na sa shuɗi tas a madadinsa. Fayiloli suka jeru reras bisa haruffa. Wallahi abin ya yi kyau.

Ta dawo, ta ajiye kaya, ta leƙa. Ta daɗe tana kallo.

"Ina kayana?"

"Ga su nan, Mama, ko ɗaya bai ɓata ba."

"Wa ya tashe su daga inda na ajiye?"

Ashe Madam ba ta sa wa fayil suna. Duk "sabo" ne, da "sabo sabo", da lambobin da kwamfuta ta ga dama ta ba su. Da mazauni take gane su. Aikin da mai shi ya amince, sai ta ja shi kan murfin injin motar da ke hoton. Mai jiran gyara, wajen ƙafar maigidan. Wanda aka ƙi, bayan taya. Kullum in na gama bugawa sai ta ce, "Tashi in ajiye," ni kuwa na ɗauka rashin yarda ne. Mutum ya yi shekaru yana aiki haka bai gaya wa kowa ba!

Da tsofaffin ayyuka ne kawai, da sauƙi. Amma akwai littafin jana'izar wata tsohuwa da za a karɓa washegari, kuma iri uku ne. 'Ya'yanta sun yi ta cacar baki a shagon kan sunan wa zai hau sama, babban ɗan da ke zaune Legas ko 'yar da ta yi jinyar uwar. A gyara, a mayar, a sake. Daga ƙarshe suka daidaita, Madam ta ja wanda aka yarda kan murfin mota ta cire shi a ranta.

"Wanne ne, Mama?"

"Na kan mota."

"Me aka rubuta a ciki?"

"Ke, na ce miki na kan mota!"

Na duba ranar da aka taɓa kowanne, bai taimaka ba, don sun sha komawa kan tsohon. Na ɗauko hoton maigidan daga wayarta na mayar kan allo, na kashe abin da ke jera fayiloli da kansa. Ta ɗora yatsa kan murfin motar, babu komai a wurin. Na shiga zauren masu amfani da manhajar a intanet na tambaya da guntun Turancina. Wani ya amsa cewa mazaunin fayil yana cikin abin da na goge, ya tafi ke nan.

"Mama, ki kira su ki tambaya mana."

"In ce musu me? Na manta abin da suka kusa dambe a kai? In sake hura wuta, gawar uwarsu na jira?"

Da safe 'yar ce ta zo karɓa. Madam ta hau kame-kame, wai janareta, wai tawada. Matar ta fara duba agogo. Ni ba na iya irin wannan jan rai. Na juya mata allon, na buɗe ukun gefe da gefe, na ce ta nuna nasu. Madam ta taka min ƙafa, amma bakin alƙalami ya bushe. Matar ta kalle su a tsanake, ta nuna wanda sunanta ke sama. Muka buga, muka ɗinke, ta tafi.

Bayan azahar yayanta ya shigo da damin littattafan gaba ɗaya, ya zube shi kan teburina. Ihunsa har 'yan tasha suka leƙo. Madam ta yi ta ba shi haƙuri, ta sake buga masa nasa da takardarta da tawadarta. Ni ko kallona ba ta yi ba.

Da ya fita ta ce in nuna mata yadda ake jan fayil ya zauna inda aka sa shi. Na nuna mata. Ta gwada, ya zauna.

"Mama, ai kin ga tana gudu yanzu. Ba sai an sayar ba."

"Na gani. Ki je gida ki huta, zan neme ki."

Na san ma'anar wannan hutu. Na roƙe ta, ni da ban iya roƙo ba, har na durƙusa a kan tarkacen takardu. Ta ce in tashi, mutane na kallo.

Na tarar da Baba a ƙofar gida yana alwalar la'asar. Na zayyana masa komai a tsaye, da sauri, ina haɗawa da cewa akwai wani shagon a layin gaba da ke neman mai bugawa. Ya saurare ni har na kai aya. Ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri. Shiga ciki." Ya ci gaba da wanke ƙafarsa.