Muryar da Muka Kai wa Wanzami

Mu huɗu ne a ƙungiyar kiɗanmu, kuma wani abokina ne mawaƙinmu na farko. Ni nake dukan ganguna, biyu suna jita. Kiɗan ƙarfe muke yi, irin na Turawa mai ruri da ihu, wanda muka koya daga kaset ɗin da wani direban tirela ya bar wa yayana. A bayan wani shagon walda a Gusau muke gwaji, don nan kaɗai ƙararmu ba ta damun kowa. Mutanen unguwa suka ce aljanu muke kira. Ban ga laifinsu ba, ko ni da daga nesa na jiyo mu, da na canja hanya.

Mawaƙin namu ɗan Bunguɗu ne, siriri kamar karan dawa, ga kunya, ko tumatir ba ya iya tayawa a kasuwa. Amma in ya riƙe makirufo sai ka rantse an sauya shi. Waƙoƙin duk shi ya tsara su da Hausa, a kan gonar da ta gagari shiga da ƙauyen da aka watse aka bari.

Shekara uku yana yagar maƙogwaro, sai murya ta fara dushewa, daidai lokacin da aka gayyace mu Kaduna, babban wasanmu na farko. Saura mako biyu. Likita ya ce ya huta wata uku, ko magana da ƙarfi kada ya yi. Ni na fara cewa likita bai san zafin nema ba. Innarsa kuwa ta ce beli ne ya sauko, ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro, kuma akwai wanzami a Furfuri da ke cire shi kafin ƙiftawar ido. Abin nema ya samu, a ganina.

Ni na goya shi a babur. Ni na riƙe masa kai, wanzami ya danne harshe da itace ya sa aska. Jini bai tsaya ba har la'asar. Kwana biyu wuya ya kumbura, ya ruɓa daga ciki, muka ƙare a asibitin da muka guda. Da aka sallame shi, in ya buɗe baki iska ce kawai ke fita.

Muka tafi Kaduna da wani ɗan Tsafe da ya haddace waƙoƙinsa cikin kwana biyar. Aka yi ta tafi, babu wanda ya tambayi mai su. Na ji daɗin tafin, kuma har yau ina jin kunyar daɗin da na ji. Mai waƙoƙin ya koma gona, ni kuma na riƙa ratsa Bunguɗu ba na tsayawa.

Bara matarsa ta haifi namiji, ya aiko a kira ni tun kafin suna. Na same shi a zaure da jariri a hannu. Ya jawo kunnena kusa da bakinsa.

"Yi mai kiran salla ga kunne," ya ce. "Na gwada har sau ukku, ko motsi bai yi ba. Kai ka riƙe man kai rannan, yau ka ara man murya."

Na karɓi yaron, na fara. A kabbara ta biyu ya buɗe ido. Uban yana tsaye a gefena, yana bin kalmomin da leɓe.