Inuwar Kawu Tanimu

Abin da na fara gani a shagon kwamfuta na bakin kasuwar Dutse shi ne karkatacciyar hular Kawu Tanimu a jikin gilashin kwamfuta, kwance a ƙasa, fara fat. Yaya Nura mai shagon ya riga ya sa fim ɗin da na kawo jiya a sikana, na'urar kwafe hoto, kuma a fim ɗin da ba a juya ba inuwa fara take fitowa.

Ku da kuka san Kawu kun san halinsa: ba ya ɗaukar hoto sai rana tana bayansa, don haka inuwarsa ke gindin kowane hoto. Shi kuwa har ya rasu bara bai yarda an ɗauke shi ba. Yanzu Mama, yayarsa, ta hana kowa sakat, tana neman ko da abu ɗaya da za ta rataye a ɗaki.

Wani kansila daga Miga ya taɓa dawo masa da hoto, yana faɗan an ɓata masa takalmi da inuwa. Kawu ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ita ce kaɗai ba ta runtse ido ba."

Da shari'a ta zo, wani ɗan kasuwa ya ja shi gefe, ya roƙe shi ya ɗan sosa fim da allura don tabon sallah ya fito masa a goshi. Kawu ya ce ya je ya yi ta sujada, in ya nuna ya dawo.

Akwai kuma Bafulatanin Buji da ya zo da bijiminsa. Kawu ya ƙi ɓarnar fim, ya tsayar da su a rana har la'asar wai sai bijimin ya kalle shi. Hoto ya fito, bijimi tsaf, mai shi babu kai. Kawu ya ce wanda ya fi nutsuwa ya ɗauka.

Yaya Nura ya ce manhaja biyu gare shi. Ɗaya tana juya fim ta gyara komai da kanta nan take, ɗayar sai an bi da hannu, ga shi ana iya ɗauke wuta kowane lokaci. Bai jira ni ba ya danna mai saurin. Fuskoki suka yi tas, ƙasa ta yi haske, hular Kawu ta narke cikin yashi. Na kasa zama, sai murza bakin hijabina nake yi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka masa kabarinsa.

Har ya kai hannu zai buga hoton, na ce, "Yaya Nura, don Allah koma waccan mai wahalar. Ka bar mutanen su yi duhu, ka fito min da inuwar."